Faɗuwar wasa da faɗuwar gaske

A makon jiya na je kallon wasan kwaikwayo a wani gidan matasa, kuma ana tsakiyar wasa, daidai lokacin da maigida ya miƙe ya ɗaga murya zai saki matarsa, sai kuran ya ɗauke. Duhu ya rufe dandali, jama'a suka yi salati baki ɗaya. Cikin wannan duhu sai muka ji muryar matar, babu rawa babu gargada, tana cewa: «To Malam, ka dai gani, ko wuta ma ba ta goyi bayanka ba. Ka bari gari ya waye tukuna.» Wuri ya kaure da dariya da tafi, samari suka kunna fitilun salula suka haska musu, aka ƙarasa wasa a haka. Wani dattijo ɗan kasuwa da ke zaune kusa da ni ya dafa gwiwata ya ce: «Kai ɗana, yarinyar nan ba ta san tsoro ba.» Na ce masa: «Baba, ta san shi sarai. Abin da ya cece ta, hankalinta yana wurin.» Hayaniya ba ta bar ni na ƙarasa masa bayani ba, shi ya sa na ɗauko zancen na kawo shi wannan fili.

Galibin mutane suna zaton daren farko shi ne dare mai haɗari ga ɗan wasa, domin a ranar ne gwiwa ke kaɗawa, miyau ya ƙafe, mutum ya ji kamar ya ruga gida. Akwai wannan kam, amma tsoron daren farko mai gadi ne, yana hana ka gyangyaɗi, yana sa ka saurari kowace kalma da abokin wasanka ya furta. Daren da ya kamata a ji wa tsoro shi ne na ashirin ko na talatin, lokacin da baki ya haddace magana, ƙafa ta san inda za ta taka, jiki yana ta wasa shi kaɗai alhali mai jikin yana can yana lissafin bashin da ake bin sa. Ma'aikacin da ya shekara goma yana buga hatimi a gishe ɗaya ya san abin da nake nufi, haka ma mai kanti da ke ƙirga canji tun safe har magariba.

A birnin Faris akwai wani ɗan ƙaramin gidan wasa da ake kira Huchette, wanda kujerunsa ba su kai 100 ba. Tun watan Fabrairu na 1957 ake nuna wasan Iyonesko mai suna La Cantatrice chauve a cikinsa, dare bayan dare, da tsari ɗaya, in ban da ɗan tsaiko irin wanda annobar korona ta jawo a 2020. An yi shi fiye da sau 19.000. Masu gidan sun san sharrin sabo, shi ya sa ba mutum ɗaya ke riƙe matsayi guda kullum ba, ƴan wasa da dama ne ke karɓa-karɓa. Abin dariya kuma, sunan wasan kansa daga suɓutar baki ya samo asali. Ana cikin gwaji, kafin a fara nuna shi a 1950, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin shugaban ƴan kwana-kwana ya tashi ambaton wata malamar lakwal, sai bakinsa ya kuɓuce ya ce mawaƙiya mai sanƙo. Marubucin yana zaune a wurin, nan take ya ce ya samu sunan wasansa. Tuntuɓe gushin gaba ke nan.

Mu a ƙasar nan teyatur ɗinmu bai taso daga takarda ba. Yaro yana fara koyon sa a tashe, in azumi ya kwana goma, inda za a yi wasa ɗaya a gida ashirin cikin dare guda. Wani gida a ba ku hatsi, wani gida kare ya biyo ku, wani gida gemunka na auduga ya faɗi a gaban matan gida, dole ka sunkuya ka ɗauka ka liƙa ka ci gaba. A Damagaram akwai wasan kara, inda bayan kaka matasa ke kwaikwayon sarki da fadawansa da manyan bariki. Sannan a zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa yana zagaya manyan garuruwa, kowace jiha ta kawo wasanta a yi gasa. Ƙungiyoyin wancan lokaci, da gwanaye irin su Yazi Dogo da jama'a suka sani ta rediyo da talabijin, galibinsu ba da haddar rubutu suka dogara ba. Ana shirya labari fita-fita, a san mafari a san makoma, amma maganar da za ta fito ɗan wasa ne ke ƙera ta a dandali. Wannan hanya tana da fa'ida, tunda wanda bai haddace ba ba ya mantuwa. Sai dai in aka yi wasa ɗaya sau ashirin, maganar da aka ƙera a daren farko ita ma takan daskare ta zama hadda, kuma wannan da idona na gan shi.

Shekarar da na ci bak, kafin a buɗe jami'a, na shiga wata ƙungiya da wani poroje ya ɗauka don ta zagaya ƙauyuka tsakanin Tasawa da Matamai. Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna. Wasan a kan bankin hatsi yake: manomi ya sayar wa wani Alhaji amfanin gonarsa da arha tun kaka, bazara ta wuce, damina ta faɗi, ya koma yana sayen tiya guda da kuɗin tiya uku, ranar noma yunwa ta kayar da shi a gona, matarsa ta yi kururuwa sau uku, sannan ni in fito da riga mai aljihu huɗu da rajista a hammata in yi jawabi a kan amfanin ajiya. Ƴan kasuwa masu karatu su yi mini afuwa, ba ni na tsara labarin ba, kuma Alhajin namu ya fi kowa farin jini a duk inda muka sauka. Mu tara ne har da direba, a cikin bashe guda, da inji, da mikoro biyu, da labule. Shugabanmu tsohon malamin lakwal ne da ya yi wasa zamanin samariya, kowa Mushe yake ce masa. Jika biyu ake ba kowa a duk daren da aka yi wasa. Daren da mutum bai fito ba, ba shi da ko dala.

Mutuwar inji da ratsowar awaki da yaran da ke rarrafowa ta ƙarƙashin labule, waɗannan ba a ma lissafa su. Wata rana ana tsakiyar ciniki, matashin kan da Alhaji ya cusa ƙarƙashin babbar riga don ya yi tumbi ya zame ya faɗo tim a ƙasa. Gabana ya faɗi daga bayan labule. Shi kuwa ya dubi matashin, ya dubi manomi, ya girgiza kai ya ce: «Ka ga abin da taurin cinikinka ya jawo mini, a tsaye na rame.» Mutane har da kwanciya don dariya. Faɗuwa ta zo daidai da zama, har muka ce gobe ma a sake. Kashegari aka saki matashin da gangan, aka faɗi maganar kalma da kalma, dariyar da aka samu ba ta kai rabin ta jiya ba, domin manomi ya fara murmushi tun matashin bai faɗo ba. Mushe ya hana a kuma.

A wani ƙauye kuma, Alhaji yana cikin auna hatsi da tiyarsa mai zurfi, sai wata tsohuwa ta keto jama'a da sandarta ta nufo shi tana cewa: «Azzalumi, haka ka yi wa ɗana bara!» Da gaske take, jikinta har rawa yake. Da ya ce mata wasa ne, da ya kunyata ta a gaban jikokinta. Da ya gudu, da labari ya watse. Sai ya tuɓe hula ya durƙusa ya ce: «Iya, na ji. Amma ki zauna nan ki ga ƙarshena, Allah ba ya barci.» Ya kama hannunta ya zaunar da ita bisa buzunsa a gefen dandali, daga nan ta ƙarasa kallo tana sa baki, kuma ban taɓa ganin wasanmu ya shiga jikin mutane kamar wannan dare ba.

Koyarwar Mushe ba ta da yawa. Yakan ce in abu ya ɓaci kada ka yi kamar bai faru ba, domin jama'a sun gani, kuma in ka nuna ba ka gani ba ka zama kai kaɗai ne makaho a filin. Ka ja numfashi ɗaya, sannan ka bar mutumin da kake kwaikwaya ya amsa, shi ba ya jin kunya tunda ba shi da jarrabawa a gabansa. Sauran maganar tasa, wadda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, ita ce idonka ya kasance a kan abokin wasanka kowane dare kamar yau ka fara ganin sa.

A dare na ashirin da wani abu muka sauka wani ƙauye mai nisa da gudron. Mun gaji, sauro ya ci rabonsa, kowa ya ƙosa a gama. Wasa yana tafiya sumul kamar injin niƙa. Manomi ya shiga gona, ya sari ƙasa sau biyu, ya yi tangaɗi, ya faɗi, jama'a suka ce «wayyo» kamar yadda suke cewa kullum. Ni ina bayan labule, kuma ba zan ɓoye muku ba, lissafi nake ko jikunan da na tara za su isa takalmi da wando kafin in tafi Yamai. Kunnena ya ji muryar matar sau uku, ƙafata ta fitar da ni, bakina ya kama jawabi. Na yi jimla uku ko huɗu a kan amfanin ajiyar hatsi, ina tsaye a kan mutumin da ya suma da gaske.

Ashe abin da na ji sau uku ba kururuwar wasa ba ce, sunansa na yanka take kira. Daga baya ta gaya mana yadda ta gane. Kullum a gefen hagu yake faɗuwa, fuskarsa wajen jama'a, hannu tare da kai, kuma in ta faɗa kansa tana kuka yakan raɗa mata wata shaƙiyyar magana don ya sa ta dariya. A wannan dare rub da ciki ya faɗi bisa ƙotar hauya, bai raɗa komai ba, jikinsa kuma kamar garwashi. Sai ta miƙe ta karɓe mikoro daga hannuna, ta fuskanci jama'a ta ce: «Jama'a, wasa ya tsaya. Ɗan'uwanmu ba shi da lafiya. A taimake mu da ruwa, a buɗe wa mota hanya.» Wasu suka yi dariya, suna tsammanin sabon salo ne. Ta sake faɗa, a hankali, da murya ɗaya, har sai da mai gari ya miƙe. Ba ta yi ihu ba, domin ihu shi ne abin da take yi kowane dare a wannan wuri, da ta yi shi babu mai motsawa. Cikin ɗan lokaci aka sa shi a bashe sai likita mafi kusa, inda aka ce masassarar cizon sauro ce ta yi tsanani, aka yi masa ƙarin ruwa har safe. Kwana uku ke nan yana fama da ita yana ɓoyewa, saboda jika biyu.

Wanda ya kalli wasanmu a daren, da an tambaye shi wa ya fi natsuwa, watakila ya nuna ni, tunda ban yi gargada ba, ban rasa kalma ba. Alhali ni ba na ma wurin.

Na sake tuna wannan dare a ranar 24 ga Afrilu 2016, da hotunan Papa Wemba suka bazu. Mawaƙin na Kwango, mai shekara 66, yana waƙa da asuba a bikin FEMUA na unguwar Anumabo a Abijan, ana nunawa kai tsaye a talabijin, sai ya yanke jiki ya faɗi a bayan masu rawarsa. Na ɗan lokaci suka ci gaba da rawa, kiɗa bai tsaya ba, kafin a ankara a rufa kansa, kuma bai tashi ba. Na ji mutane da dama suna zargin ƴan matan nan da rashin imani. Ni ban iya ba, domin na san abin da aka koya musu tun ranar farko, wato kome ya faru kada ki tsaya, kada ki waiwaya, jama'a sun biya kuɗinsu. Horon da ya mai da su gwanaye shi ne ya riƙe ƙafafunsu a kan kiɗa.

Wanda ya ɓoye ciwonsa kuwa yana da babban magabaci. Duk wanda ya zauna a bencin lise an ba shi labarin Moliyer. Ranar 17 ga Fabrairu 1673 ake nuna wasansa na ƙarshe, Le Malade imaginaire, karo na huɗu, shi kansa yana fitowa a matsayin mai ciwon ƙarya alhali ciwon ƙirji na gaske yana cin sa. Grimarest, wanda ya rubuta tarihinsa a 1705, ya ruwaito cewa na kusa da shi sun roƙe shi ya huta, ya ƙi, saboda talakawan ma'aikatan gidan wasan da abincinsu ya rataya ga aikin yini. Dab da ƙarshe ciwon ya murɗe shi a dandali, ya rufe da dariyar dole, ya kai wasa ƙarshe, aka ɗauke shi zuwa gida, ya cika a wannan dare yana da shekara 51. Kujerar da ya zauna a kai tana ajiye a gidan wasan Comédie-Française. A lise an gabatar mana da wannan a matsayin jaruntaka, muka yi ta jinjina. Yau in na sake dubawa, abin da nake gani shi ne mutumin da tsarin biya ya sa shi zaɓi tsakanin ransa da tuwon wasu, kamar dai manominmu. Ƴan kallo kuwa, a Faris ko a ƙauye, ba su da laifi. An ce musu mutumin nan zai yi kamar ba shi da lafiya, ta yaya za su bambance?

Saboda haka ba na cikin masu cewa wasa ba ya tsayawa ko ana ha-maza-ha-mata. Tumbin da ya faɗi a rufe shi da raha, tsohuwar da ta fusata a ba ta buzu, wutar da ta ɗauke a mai da ita abin dariya, duk wannan gwaninta ce kuma ita ke sa mu sake sayen tikiti. Amma akwai ɓarnar da rufe ta laifi ne, kuma tsakanin iri biyun nan ɗan wasa ba shi da fiye da numfashi ɗaya da zai yanke hukunci. Babu gwajin da ke koya wannan, tunda ba a san ranar da zai zo ba. Wanda ke kallon abokin wasansa da gaske ne kawai zai lura cewa yau ba a gefen hagu ya faɗi ba.

Har yanzu ana aika ƙungiyoyi ƙauyuka don wayar da kai a kan rigakafi, da karatun ƴan mata, da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, kuma cikin masu karanta wannan shafi akwai ma'aikatan da ke sa hannu a kan irin waɗannan kwangiloli. Gare su nake magana. Takardar da ta ce ƙauye talatin cikin kwana talatin, a biro tana da kyan gani, a hanya kuwa injin kashe hankali ce. A sa ranar hutu a ciki. A sa mutum ɗaya na canji, da akwatin magani, da gidan sauro. Fiye da kome, a biya wanda ciwo ya kwantar kamar wanda ya fito, domin muddin kwanciya tana nufin asarar kuɗin yini, babu wanda zai ce ba shi da lafiya. Duk wannan bai kai kuɗin man motar da ke kai manyan baƙi bikin rufewa ba.

Manominmu ya dawo bayan kwana biyar, ya rame, ya dace da matsayinsa fiye da dā. A kwanakin da ba ya nan direba ne ya riƙa faɗuwa a gona, kuma bai yi laifi ba. Kuɗin kwana biyar ɗin mu muka haɗa masa dala-dala, tunda takardar poroje ba ta san da ciwo ba. Ni kuma Mushe bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya dai canza mini wurin tsayawa, ya ɗauke ni daga bayan labule ya kai ni gefen dandali inda dole in ga faɗuwar da idona kafin in fito. Sannan ya kafa doka: duk wanda zai faɗi a wasa, in an taɓa shi, sai ya mintsini wanda ya taɓa shi, alamar lafiya lau. A daren ƙarshe, kusa da Matamai, manomi ya faɗi a gefen hagu, matarsa ta faɗa kansa, ya mintsine ta da ƙarfin da ya sa ta yi ƙarar da ba ta taɓa yin irinta ba. Na ga kafaɗarsa tana girgiza don dariya, na gyara rajista a hammata na fito.